Jirgin da Ya Toshe Mini Kunne

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin masu karatu, amma ka sakaya sunana, domin akwai mutanen da har yau suke yi mini kallon ɗa nagari. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da biyar, ina da mata da 'ya'ya biyu, ina kuma da shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a Kazaure. Idan makarantu suna buɗe ba na samun lokacin ko sosa kai, ɗalibai ne cike da shagon. Idan aka yi hutu kuwa sai in wuni ina korar ƙuda daga kan injin kwafi. Ni mutum ne da zama wuri ɗaya yake yi wa wuya tun ina yaro. Ko a majalisa ƙafata tana rawa, in ana hira sai na katse mutum na ƙarasa masa zancensa, don ina ganin ya cika jan magana. Ba na shan komai, ba na caca, ba na bin mata, kuma da wannan nake yi wa kaina kirari duk lokacin da wani ya taɓo zancen halina.

Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Duk wanda ya san tsofaffinmu na wajen Roni, musamman gidajen da suka taso da shanu irin namu, ya san abin da hakan yake nufi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce da ake gado. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, a ɗakinta na girma. Inna tana gida ɗaya da mu, amma da na shigo sai ta sami abin yi a madafa. Ƙanena kuwa ta kira sunansa da safe, ta kira da rana, ta zage shi, ta lallashe shi, ni sai dai a ce wancan, ko yayanku. Da na yi aure sai na koma mai gidan nan a bakinta. Ban taɓa cewa uffan ba, domin na san al'ada ce, na kuma san wadda take dafa ƙwan zabi da damina ta kai ɗakin kakata ta ce wai ragowa ne. Amma ba zan ɓoye ba, abin ya sha ci mini rai ina yaro.

Bayan rasuwar mahaifinmu da shekara biyu hawan jini ya kayar da Inna, ƙafarta ta hagu ta yi nauyi, sai da sanda take takawa. Ƙanena yana can Fatakwal yana sana'ar albasa a ɗaki ɗaya na haya, don haka babu inda za ta zauna sai gidana. Sai da aka haɗa da kawunmu kafin ta yarda, tana ta cewa ina ita ina zaman gidan wancan. Na gyara mata ɗakin da yake kallon nawa, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Matata, Allah ya saka mata da alheri, ita ta ɗauki komai, wanka da wanki da magani. Idan Inna tana buƙatar wani abu, sunan matata take kira kai tsaye. Idan kuwa ni kaɗai ne a gida, sai ta buga sandarta a jikin ƙofar kwano sau biyu, ko ta yi gyaran murya, in fito in tsaya daga bakin ƙofa, ta faɗi abin da take so tana kallon bango. Haka muka yi kusan shekara guda, kuma a wajena ba mu taɓa samun kusanci irin na wannan shekarar ba.

Ana cikin haka wani abokina na Babura, mai gyaran waya a kusa da kasuwar hatsi, ya zo shagona da wata laftof da ya samo a hannun wani ɗan Nijar. Ya ce ta fi ƙarfin aikinsa, in riƙe ta don gyaran hotuna. Kafin ya tafi ya buɗe mini wani gem na yaƙi da ake bugawa ta intanet, mutane ne na gaske daga garuruwa daban-daban, an raba su gida biyu, kowa da aikinsa. Wani sojan ƙasa ne, wani yana tuƙa tankar yaƙi, wani jirgi. Na yi masa dariya na ce wannan ai aikin yara ne, ni da gemuna. Ya ce in gwada sau ɗaya tak, in bai yi mini ba in goge. Na gwada sojan ƙasa, kafin in gane gabas da yamma an harbe ni ya fi a ƙirga. Ina shirin rufewa sai na hango wani ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu a filin sansaninmu, babu kowa a ciki. Na shiga, na ɗaga shi, ya yi juyi biyu ya rikito kan motar 'yan gidanmu. Wani ya ɗura mini zagi da Turanci. Ni kuwa wannan ɗan lokacin da na yi a sama ya isa, abin ya riga ya shiga raina.

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Jirgin nan shi ne mafi ƙanƙanta a gem ɗin, ɗan ƙulli ne na gilashi da wutsiya, da bindiga a kowane gefe da 'yan rokoki kaɗan. Ba shi da sulke, harsashin ƙaramar bindiga ma yana huda shi. Aikinsa leƙen asiri ne. Ka tashi gaba da kowa, ka bi ƙasa-ƙasa ta tsakanin gine-gine da kwazazzabai, ka gano inda abokan gaba suka ɓuya, ka sa musu alama 'yan gidanku su gani, in ka sami sarari ka yi musu ruwan wuta ka arce kafin su ɗaga kai. Da ka tsaya wuri ɗaya an gama da kai. Shawagi kawai yake yi kamar mazari a bakin dam. Ina jin wannan ne ya haɗa jininmu, domin a karo na farko na sami wurin da rashin natsuwata ya zama abin yabo. Cikin wata huɗu na iya bi da shi ta ƙarƙashin gada, na iya ja da baya ina harbi. Muka haɗa ƙungiya da abokina na Babura da wasu 'yan Kano da wani ɗan Damagaram mai tankar yaƙi, muna magana da juna ta cikin gem ɗin. Suka daina kirana da komai sai Direba, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Abin da wanda bai taɓa tuƙa jirgin nan ba ba zai gane ba shi ne, kunne ya fi ido aiki a cikinsa. Idan wani daga ƙasa ya saita ka da makami mai linzami ba ka ganinsa, sai dai ka ji wata 'yar ƙara tana tsinkewa, ƙit, ƙit, ƙit. Idan ƙarar ta haɗe ta miƙe, to an sako makamin, abin da ya rage maka bai wuce ƙiftawar ido biyu ba ka saki tartsatsin wutar da yake ruɗar da shi, ka faɗa bayan dutse. Wanda ya ƙware har ɓangaren da harbi yake fitowa yake ganewa da kunne. Saboda haka na sayi abin kunne irin babban nan mai soso, wanda yake rufe kunnuwa biyu ruf, in ka sa shi ko injin markaɗe aka tayar a gefenka ba za ka ji ba. Na ɗauke laftof ɗin daga shago na dawo da ita gida, tunda muna da sola kuma sabis ya fi ƙarfi a ɗakina. Daga nan natsuwa ta ƙare mini gaba ɗaya. Ina kan babur a hanyar Roni ina kallon duwatsu ina tsara ta inda zan ɓullo da jirgi. Ina cikin sahu a masallaci babban yatsana yana motsi shi kaɗai. In wayar wani ta yi ƙara a kasuwa sai in ji kafaɗata ta zabura. Abinci ma a tsaye nake cinsa.

Matata ta yi magana har ta gaji. Ta ce gara a ce fita nake yi, da ta san ba na nan, amma mutum yana zaune a gida kamar an jingine buhun gero, a yi masa magana sau uku bai waiwayo ba. Na ce mata wasu mazan a majalisa suke wuni, wasu ma a inda ba a faɗa, ni ga ni a ɗakina, me kuma take nema. Wata rana da la'asar, na cire abin kunnen ke nan zan yi alwala, sai na ji Inna tana ce mata, da muryar da aka ɗaga don ta iso ɗakina, wai a gaya wa mai gidan nan ko direban babbar mota yana sauka ya sha ruwa ya gaisa da mutane. Dariya na yi, har daɗi na ji, don a irin zamanmu wannan doguwar hira ce. Na rage na kwana biyu, na koma kamar ba a yi ba.

Akwai wata ƙungiya ta 'yan Legas da ta daɗe tana yi mana gori, wai 'yan Arewa sabis ɗinmu ma ba ya kaiwa balle hannunmu. Aka sa gasa tsakaninmu ranar wata Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, zagaye uku. Babu kofi, babu kyauta, bakin magana ne kawai. Sai ga shi yayar matata ta haihu a Gwiwa, suna ya faɗo daidai wannan Asabar ɗin. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da tun hantsi ba a taka siminti da ƙafa ba takalmi. Matata ta tashi da wuri ta yi wa Inna wanka, ta dama mata kunu ta zuba a fulas, ta ajiye mata ruwa da buta a kusa, ta shirya yara. A bakin zaure ta tsaya ta ce mini Inna tana kukan ciwon kai tun jiya, in ba ta magani da ƙarfe goma, kada in rufe ƙofar ɗakina, kuma don girman Allah kada in sa abin nan a kunne yau, tunda na san ba kirana za ta yi ba, sanda za ta buga. Ban gaya mata zancen gasar ba. Cewa na yi ta kama hanya kawai, ai uwata ce ba tata ba. Ta dube ni, ta ja hannun yaran suka fita.

Ƙarfe goma na kai wa Inna magani. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, na tambayi jiki. Ta ce da sauƙi, kan ne ya ɗan yi nauyi, amma zafin gari ne. Da ta ɗaga kofin ruwa na ga hannunta yana rawa, har ruwan ya zubo mata a zane. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. A raina na ce da an gama gasa zan ɗauko mai awon jini ya duba ta, ai gasar awa ɗaya ce kawai. Na tsaya ina ta sauya ƙafa, ina leƙen agogon waya. Ita kuwa ko ba ta kalle ni ba ta san halina. Ta ce wa bango wai mai aiki ya je ya yi aikinsa, a ɗage mata labule kawai iska ta shigo. Na ɗage labulen, na tsallaka tsakar gida da sauri.

Na fara da niyya mai kyau, Allah ne shaidata. Na bar ƙofa a buɗe, na sa abin kunnen a karkace, kunnen dama a rufe, na hagu a waje yana sauraron ɗakin Inna. Aka fara zagayen farko. Ban yi minti uku a sama ba aka kakkaɓo ni, don na ji ƙarar amma ban gane ta inda ta fito ba, na juya na faɗa bakin makamin da kaina. Na sake tashi, aka sake saukar da ni. Ga hasken rana yana shigowa ta ƙofa yana dukan gilashin laftof, ba na ganin komai sai fuskata. Babu mai sa musu alama, 'yan gidanmu suka yi ta tafiya a makance, ɗan Damagaram ya rasa tankarsa yana ta salati. Aka cinye mu. Abokina na Babura ya ce yau Direba ko tuwon dare ne bai sake shi ba, in ba zan iya ba in sauka a ba wani. 'Yan Legas suka rubuto wata magana da ba zan maimaita ba. Na ji jinina yana tafasa. Na leƙa tsakar gida, shiru, labulen Inna yana ɗan motsi. Na ce barci ta yi. Na tura ƙofa da ƙafa, na gyara abin kunnen ya zauna daidai, na ƙure sautin.

Abin da ya fi ci mini rai, Edita, shi ne ban taɓa tuƙi mai kyau irin na wannan ranar ba. A zagaye na biyu na bi ta cikin wani busasshen kogi ƙasa-ƙasa har ƙafafun jirgin suna shafar yashi, na ɓullo musu ta baya, na sa wa tankokinsu biyu alama, na zazzage musu rokoki na nutse bayan tudu. Sau huɗu aka saita ni, sau huɗu ina jin ƙarar tun tana tsinkewa, in san daga hagu ce ko dama, in zille. Kunnena ya zama kamar an wanke shi, har takun sojan da yake gudu a kan rufin gini nake ji. Muka ci. A na uku aka yi ta ja-in-ja, aka ƙara lokaci, gumi yana zuba mini har cikin ido ban share ba. 'Yan ƙungiyarmu suna ta ihu suna cewa Direba ya dawo, Direba ka kashe mu da daɗi. Ina ta dariya ni kaɗai a ɗaki, ina buga ƙafa a ƙasa. Ban san lokacin da azahar ta kawo jiki ba.

Haske ne ya faɗo kan gilashin laftof ɗin, alamar an buɗe ƙofa. Abin da na fara ji a raina haushi ne, na juyo zan yi masifa. Sai na ga maƙwabciyarmu, wata baiwar Allah 'yar Filato, Kirista, mai ɗinki, wadda ba ta fi wata biyar da tarewa a gidan da yake jikin katangarmu ba. Bakinta yana motsi, hannunta da garin tuwo, ban ji ko kalma ɗaya ba sai da na fizge abin kunnen. Mama take cewa, Mama ta faɗi. Na fito na tarar da Inna kwance a tsakar gida a kan simintin nan mai zafi, rana tana dukanta. Sandarta tana can bakin ƙofarta, ita kuwa ta ja jiki har ta wuce rabin tsakar gidan, kanta yana fuskantar ɗakina. Bakinta ya karkace, gwiwar hannunta ta saluɓe, idonta a buɗe. Na ɗauke ta, karo na farko a rayuwata da na taɓa jikinta da hannu biyu, na ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Daga cikin ɗaki ina jin 'yar ƙarar nan tana fitowa daga abin kunnen da na yar a ƙasa, ta tsinke, ta tsinke, ta miƙe.

Mijin maƙwabciyar ne ya tsayar da mota muka kai ta asibiti. Likita ya ce bugu na biyu ne, kuma a irin wannan ciwon lokaci shi ne komai. Ya tambaye ni tun yaushe ta faɗi. Na buɗe baki na ce ban sani ba, na ɗan fita sayo mata magani ne na dawo na tarar da ita. Ƙaryar ta fito sumul kamar na daɗe da shirya ta. Ita na maimaita wa kawunmu, ita na gaya wa ƙanena a waya, har yana ba ni haƙuri yana cewa Yaya ka yi iya ƙoƙarinka, mu ne muka bar maka nauyi. Matata ta iso daga Gwiwa da lallen suna a hannunta. Ta saurari labarin a gaban mutane. Da ta je gida ɗauko kaya ta tarar da laftof a buɗe da abin kunne a ƙasa. Ta naɗe wayarsa ta ajiye mini a kan matashi, kuma har yau ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Inna ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya tafi, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Kwana tara muka yi a asibiti, ban iya zama a kan benci ba, sai zirga-zirga daga bakin ɗaki zuwa bakin ƙofar asibitin. A rana ta huɗu maƙwabciyar ta kawo mana faten wake. Na raka ta waje ina yi mata godiya, ina kuma neman hanyar da zan roƙe ta ta rufa mini asiri. Tun kafin in fara ta ce in kwantar da hankalina, ita ba ta ga komai ba. Sai ta ƙara da cewa abin da yake damunta shi ne ba ta shigo da wuri ba. Ta ce da farko ta ji ana buga ƙofar kwano, ba ta kula ba. Can sai ta ji Mama tana kiran sunana, tana kira tana sakewa, ta ɗauka aike ne za ta yi mini, don a garinsu uwa tana wuni tana kiran ɗanta, ba abin da za a tashi a leƙa ba ne. Sai da ta ji muryar tana canzawa, daga baya ta yi shiru, sannan ta taso ta shigo. Na ce mata ba dai sunana ba, wataƙila na matata ta ji. Ta ce sunana ne, ta faɗe shi, cikakkensa, wanda aka raɗa mini ranar suna.

Na zauna a ƙasa a wurin, a gaban masu sayar da ayaba, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifina. Matar nan ta rikice tana tambayar abin da ta faɗa ba daidai ba. Da na iya magana na yi mata bayanin al'adarmu, na ce shekara talatin da biyar Inna ba ta taɓa furta wannan sunan ba. Ta ɗora hannu a ka. Ta ce da ta sani, da kiran farko ta haura katanga. Gaskiya ta faɗa, domin da a ce ɗaya daga cikin tsofaffin unguwarmu ce ta ji, ko takalmi ba za ta tsaya sawa ba, ta san ba ƙaramin abu ne zai sa mace irin Inna ta yar da kunyar ɗan fari ba. Amma ba su ji ba, ita ce ta ji, kuma ba ta da laifi ko ƙwayar zarra. Wanda aka kira yana nan a gidan, bayan ƙofa ɗaya, ya kashe kuɗinsa ya sayi abin da zai hana shi ji.

Yanzu shekara biyu ke nan. Inna tana ɗakinta, ni nake ba ta kunu da safe kafin in tafi shago, ta daina kau da kai, kallona take yi har in gama. Ban san abin da yake cikin kallon ba, kuma babu hanyar da zan sani. Na mayar wa abokina laftof ɗinsa. Shi yana nan yana bugawa, gidansa lafiya lau, don haka ba zan zauna in ce gem ne ya kayar da uwata ba. Na ga hannunta yana rawa na ce sai an jima. An ja mini kunne a bakin zaure na mayar da baƙar magana. Ƙafata ce ta tura ƙofar nan, ba ta wani ba. Har yau natsuwar ba ta zo mini ba, sai ma abin da ya ƙaru, ko akuya ce ta taɓa ƙofar kwano sai na fito da gudu. Ƙanena bai san gaskiya ba har yanzu, wataƙila in ya karanta wannan ya gane, in kuwa ya gane to ya yafe mini.

Abin da nake so in gaya wa 'yan uwana masu irin wannan wasan, da masu toshe kunne da kiɗa ko kallon waya, shi ne ku san irin mutanen da aka bar muku amana. Tsofaffinmu ba masu ihu ba ne. Za su ce da sauƙi alhali kansu yana tsagewa, za su ce je ka yi aikinka alhali suna tsoron a bar su su kaɗai. Idan irinsu suka kai ga ɗaga murya, to abin ya riga ya yi nisa. In an bar ka da mara lafiya, ko tsoho, ko ƙaramin yaro, ka bar kunnenka a buɗe da ƙofarka a buɗe, a cinye ku a gasar, a yi muku gori, gobe ma akwai wani zagayen. Kwanan baya na yi ƙarfin hali na tambayi maƙwabciyar ko sau nawa Inna ta kira. Ta yi ta kauce-kauce, na matsa mata. Ta ce ita ba ta ƙirga ba, abin da kawai za ta iya tunawa shi ne lokacin da aka fara kiran tana ɗora ruwan tuwo a wuta, kuma har ta yi talge Inna ba ta daina ba.